Wa Ya Ba Kakanninmu Basira?

Mu 'yan Tudun Wada da fina-finan Indiya da na Kannywood muka taso. Sai da muka shiga jami'a wasunmu suka kamu da son tsofaffin fina-finan ban tsoro na Ingila. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Quatermass and the Pit, labarin Nigel Kneale, wanda kamfanin Hammer ya fitar a 1967.

Leburori ne ke haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin Landan, sai suka tono ƙoƙunan kai masu shekara miliyan 5, da wani kumbo cike da gawarwakin halittu masu kama da fara, 'yan duniyar Mars. A fim ɗin, wai su suka ƙara wa kakannin ɗan Adam basira.

Tatsuniya ce, kuma ta yi daɗi. Abin da ke damunmu shi ne bidiyoyin da ke yawo a wayoyinmu, masu rantsuwa cewa baƙi daga sama ne suka gina dalar Masar, kamar mutanen Afirka ba za su iya ba.

A jiharmu ma an taɓa tono abin mamaki. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok suka gano mutum-mutumin yumɓu, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ganuwar Zazzau ma da hannu aka ɗaga ta, kwando bayan kwando.

Ƙannenmu, ku sha kallo, ku ji tsoronku. Amma duk wanda ya ce aikin kakanninku na baƙi ne, ku tambaye shi hujja.