AGADAS: Inda Jitar Buzaye Ta Haɗu Da Sautin Finafinan Kano

Mai karatu, in ka tashi daga Kano ka bi ta Damagaram da Tanut, to ka shirya shan ƙura. Abin da zai fara yi maka maraba a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsawon mita 27, wadda ta tsere wa duk gidajen garin.

Amma ni ba tarihi ya kai ni ba, jita ce. Da la'asar sakaliya aka ja ni gidan biki. An shimfiɗa tabarmi a fili, janareto na ruri, samari cikin rawani sun saɓa jita mai lantarki, mata na tafi da guɗa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi!

A irin wannan fage Mdou Moctar ya goge. Bazne ne ɗan yankin Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin a gida ba a so ya yi kiɗa. Abin da ya fi ba ni mamaki, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da muka saba ji a waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta memori da bulutut, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya yi ta cigiyarsa sai da ya gano shi.

Su biyun ne suka yi fim a nan Agadas da harshen Buzanci, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda ya fito a 2015. Mdou ne jarumin, bisa babur da jita a baya. Daga bisani ƙungiyarsa ta tsaya da mutum huɗu, ciki har da Ahmoudou Madassane da mai ganga Souleymane Ibrahim. A 2021 suka saki Afrique Victime, suka zaga Turai da Amurka.

Ina hanyar dawowa ina tunani: sautin da wasu ke rainawa a Kano suna cewa kiɗan fiyano ne kawai, shi wani ya taka ya hau duniya. To mawaƙanmu, ina kuke?