Sabara da Geza a Jejin Ƙuruciya

A jejin da muka yi kiwon awaki muna yara, can wajen Daura, ba wanda ke kiran sabara bishiya. Da ƙyar take wuce tsayin mutum, rassanta a barbaje tun daga gindi, ganyenta toka-toka ko da tsakiyar damina. Yawanta ya sa ba mai kallonta sau biyu.

Kakata kuwa ba ta wasa da ita. In aka kawo mata ganye don gudawa ko tari, sai ta juya bayansa ta ce, "Zo nan, maigidana. Ka ga ɗige-ɗigen nan baƙaƙe ƙanana? In babu su, mai da wa mai shi." Ganyen biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna, ga ɗaci da bauri. Furenta ɗan dunƙule ne rawaya-rawaya a kan siririn tsinke, ba ya ɗaukar ido. 'Ya'yanta ne abin kallo: dogaye, sirara, lulluɓe da gashi mai laushi, sun taru wuri guda kamar ƙafafun gizo-gizo. Su muke tsinka mu sa wa juna a wuya don tsokana.

Wadda baƙo ke rikita ta da ita geza ce, kuma da gaskiyarsa, don masana tsirrai ma dangi ɗaya suka sa su, tare da marke da taramniya. Mu dai ƙasa muke dubawa. Sabara ta fi son jigawa da saurar da ta gaji, geza kuma fako da marmara. Da rani ganyen geza kan rine ya yi ja-ja, 'ya'yanta masu fiffike huɗu.

Fulani na turara sabara da yamma a ruga, hayaƙin ya kori ƙuda daga jikin shanu. Har yau in na ji wannan ƙauri sai magaribar garinmu ta faɗo mini.

Babanmu kan sare ta kakaf lokacin sassabe, kafin girbi ta sake tohowa daga kututture. Yakan yi tsaki, alhali geron da ke gindinta ya fi na ko'ina ƙiba, saboda ƙura da ganyen da take tarewa lokacin hunturu. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin reshe biyu ko uku a kowane kututture su girma, abin da suke kira sassabin zamani, kuma sabara na cikin itatuwan da suka fi amsawa.