Yini Guda Daga Gwantu Zuwa Nok

Duk wanda ya sami kansa a Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga a kudancin Jihar Kaduna, kuma yana da sukunin yini ɗaya, to yana iya ganin tarihin shekaru dubbai ba tare da ya kwana a hanya ba. Abin da ake bukata shi ne sammako, da kuma rashin gaggawa.

Hanya takan bi da matafiyi ta Fadan Karshi da Gidan Waya, har ya iske duwatsun Kagoro sun tokare sama. A nan ne Kagorawa suke bikinsu na Afan ran 1 ga Janairun kowace shekara. Gaba kaɗan sai Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 ne aka haɗa dogon da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna da na Jos a nan, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwar Nijeriya suka yi ta kwararowa. Ita kanta Masarautar Jama'a, wadda aka kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, sai da ta baro tsohon mazauninta ta komo Kafanchan a 1933. Yanzu tashar ta yi tsit, amma gine-ginenta sun isa shaida. Kafin a wuce, ya kyautu a ratse Matsirga, a sha iska a gindin ruwan da yake zubowa daga kan dutse.

Da azahar sai a kama hanyar Kwoi, ƙasar Jaba masu noman citta, inda ƙauyen Nok yake. Ƙauye ne ƙarami, amma sunansa ya zaga duniya. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a nan. A 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan, wanda aka ce wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar ɓarna. Da Fagg ya gwada su, sai ya gane aikin al'umma ɗaya ne, ya laƙaba musu sunan Nok. Ana gane su da idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya, da kitso mai ƙawa. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka soma a 2005 ya nuna mutanen sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya kuma suka iya narkar da tama.

Sai dai akwai abin baƙin ciki. Masu haƙa a ɓoye sun yashe wurare masu yawa, musamman a shekarun 1990, suka sayar wa dillalan ƙetare. A 2000 har an baje wasu a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne. Alhali kuwa in an tumɓuke mutum-mutumi daga ramin da ya kwanta ba bisa ƙa'ida ba, labarinsa ya salwanta ke nan, ko da an dawo da shi.

Saboda haka wanda ya je Nok ya leƙa ɗan gidan adana kayan tarihin da ke ƙauyen, ya gai da dattawa, kada kuma ya sayi ko ɓallin kasko. Ya tafi da yaransa, domin abin da yaro ya gani da idonsa ba ya yarda a sace shi. In ya juyo da la'asar, zai iso Gwantu kafin dare ya yi nisa.