Laulayin Fim Daban, Na Gida Daban

Duk ma'abocin kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Amarya na zaune ana hira, sai ta toshe baki ta ruga waje da gudu. Uwar miji ta yi murmushi, likita ya miƙa wa ango hannu, a sako waƙa. Daga nan sai a rubuto "Bayan wata tara." Ni da na tashi da kallon kaset a gidanmu da ke Runjin Sambo, wallahi na ɗauka iyakar abin ke nan.

Ashe da sauran aiki! A cikina na fari, laulayi ya kama ni a sati na shida, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. In maƙwabta na suyar albasa, amai. In maigida ya fesa turare, amai. Furar da nake matuƙar so kuwa, ko ganinta ba na son yi. Inna kan ce, "Yi hanƙuri ɗiyata, haka nan mata ka yi." Da gaskiyarta, domin mata 7 ko 8 cikin 10 na fama da tashin zuciya a farkon ciki, kuma yawanci yakan lafa tsakanin sati na 16 da na 20.

Amma nawa ya wuce na haƙuri. Sai da na yi kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikina. Fitsarina ya ragu, ya yi duhu kamar shayi, in na miƙe jiri ya kwashe ni. Wata ƙawata ta kawo min ƙwaya daga kemis, maigida ya ce atafau sai asibiti. Kwana uku na yi ana min ƙarin ruwa.

Likita ta ce laulayi mai tsanani ne, irin wanda ke kama mace 1 zuwa 3 cikin 100. Shi ne ya kwantar da Kate, matar Yarima William na Ingila, a asibiti a 2012. Ta ce akwai magungunan amai da suka dace da mai ciki, amma likita ke zaɓa. Ta ba ni labarin talidomaid, wanda masu ciki suka riƙa sha don laulayi tsakanin 1957 da 1961, har aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasa.

Da na koma gida sai na canja tsari. Nakan ci busasshen biskit kafin in sauko daga gado. Abinci kaɗan-kaɗan, amma a kai a kai, ba na bari yunwa ta kama ni. Ruwa mai sanyi kurɓi-kurɓi. Na bar maiƙo da yaji, ƙanwata ta karɓi girki. Shayin citta ma ya taimaka min, kuma tun a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa citta da bitamin B6 cikin abubuwan da ke rage tashin zuciyar mai ciki.

'Yan'uwana mata, in kika yini kika kwana ruwa ba ya zama, ko kika ga jini a amai, ko kina ta ramewa, kar ki tsaya jiran ranar awo. Daraktocinmu kuma, don Allah kafin ku rubuta "Bayan wata tara," ku nuna mana ko fitowa ɗaya ce inda angon ke riƙe wa amaryarsa roba.