Keken Mahaifina da Aikin Hannun Gidanmu

Hausawa suna ce da keke dokin ƙarfe, sun kuwa faɗi gaskiya. Wanda ya sayi doki ba ya hawansa haka nan kamar yadda ya fito daga kasuwa. Sai ya nemi sirdi da linzami da likkafa daidai da jikinsa, daidai da irin tafiyar da zai yi. Haka sha'anin keke ya ke. Masu ƙera shi a Ingila, ko Indiya, ko ƙasar Sin, ba su san hanyar ƙauyenmu ba. Ba su san ko buhun masara za ka ɗora masa ba, ko jarkar ruwa, ko yaro mai zuwa makaranta. Sun yi shi domin kowa da kowa, saura kai ka maishe shi naka.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa a wajenmu sun jingine babur, sun kakkaɓe tsofaffin kekunan da ke rataye a zaure. Ina ganinsu a hanya, waɗansu sun ɗaure kaya da igiya ta ko'ina, waɗansu sun goyo yara biyu ƙafafunsu suna lilo kusa da taya. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin yadda muka shirya namu keken a gida, da abin da hannunmu ya yi, da kuma abin da muka ƙi yarda hannunmu ya taɓa.

Kekena Raleigh ne, baƙi, mai birkin ƙarfe, da tambarin kan zalɓe a goshinsa. Mahaifina ya saye shi a Kano a 1975 da kuɗin Udoji, watau ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata a wannan shekara. Ya ba ni shi a 2006, sa'ad da na gama difloma na kama koyarwa a makarantar ekklisiya da ke wani ƙauye kusa da Malumfashi. Daga gidana zuwa makaranta kilomita 7 ne, hanyar burji, da hawa biyu, da rafi ɗaya wanda ya kan cika da damina. Ajina yana da yara fiye da 50, kowane mako kuwa littattafan aikinsu suna bina gida domin in duba. Sa'an nan ga autarmu, wadda ta isa shiga aji ɗaya ba ta isa tafiyar ƙasa ba. Waɗannan su ne bukatuna, a kansu muka yi dukan abin da muka yi.

Kada wani ya ce taɓa keke a gida raina masu ilimi ne. Tayar nan mai iska da mu ke hawa, a gida aka fara yinta. Wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, a birnin Belfas, shi ya ga ɗansa yana shan wahala a kan ƙaramin kekensa mai ƙafa uku saboda taurin taya. Ya ɗauki roba ya yi bututu, ya hura masa iska, ya naɗe shi da zane a jikin ƙafar keken. A 1888 ya yi rajistar wannan dabara, sunansa kuwa har yau yana jikin tayoyi. Uba ne ya dubi bukatar gidansa ya sa hannu.

Mun fara da kariya, gama ita ce jakin keke. Wadda ta zo da shi siririya ce, ta riga ta lanƙwashe tun zamanin mahaifina. Na auna da igiya, na zana a takarda, na kai wa maƙeri rodi ya lanƙwasa ya haɗa. Abu biyu na kiyaye. Na ɗaya, nauyin kaya ya zauna daidai bisa tsakiyar ƙafar baya. Idan kariya ta yi tsawo ta wuce baya ƙwarai, kaya za su riƙa ɗaga ƙafar gaba, kan keke ya yi ta rawa a hannunka, musamman a kan hawa. Na biyu, da noti muka ɗaure ta a jikin keke, ba mu yi walda ba. Maƙerin ya ce mini, "Malam, bari in ɗana mata wuta sau ɗaya, har jikokinka ba za ta motsa ba." Na ce, "Baba, na gode, amma a bar ta a noti." Dalili kuwa shi ne, jikin keke irin wannan bututu ne marar kauri, an cusa bakinsa cikin mahaɗi an liƙe da narkakkiyar tagulla. Wutar walda ta fi ƙarfinsa. Ta kan cinye bututun ko ta raunana shi, daga baya ya tsage a daidai wurin.

Bisa kariyar muka ɗora akwatin littattafai. Katakon tsohon benci ne wanda makaranta ta yar. Babban ɗana ya yi aikin zarto, ni na riƙe ma'auni. Muka ƙarfafa kusurwoyinsa da langalanga, muka rufe murfin da guntun kwano domin ruwan sama, uwargida kuma ta shimfiɗa masa tsohon tampol daga ciki. Noti 4 ke riƙe da shi. Ran kasuwa sai in kwance su in ajiye akwatin, kariya ta koma ta ɗauki buhu.

Sirdi kuwa, ƙarfensa da sifirin ɗinsa suna nan lafiya, fatar ce ta mutu. Baduku ya yanka mini fatar sa mai kauri, ya jiƙa ta, ya ja ta bisa ƙarfen, ta bushe da siffarsa. Uwargida ta ɗinka masa riga da ɗan audugar rimi a ciki. Ta so ta cika shi ƙwarai kamar matashin kai, na roƙe ta ta rage, gama sirdi mai taushi da yawa ya kan goge cinya a doguwar tafiya. Abin da ya fi taushi amfani shi ne tsayin sirdin. Ka hau, ka ɗora diddigenka a kan feda sa'ad da ta ke can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, tsayin ya yi daidai. Sau da yawa masu kukan ciwon gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa.

Sauran ƙananan abubuwa ba su ci mana ko kwana biyu ba. Robar feda ta cinye, muka sassaƙa itacen ƙirya muka huda muka sa a madadinta, gama ƙirya ba ta saurin ruɓa. Mariƙin hannu muka naɗe da tsohon tiyub da aka yanka siri siri. Muka rataya guntun robar taya a ƙarshen madigadi domin taɓo kada ya ɓata wandon makaranta. Da langalanga muka yi mazaunin tocila a gaba, a baya kuwa muka manna jan abu mai ƙyalli wanda ke mayar da hasken mota.

Amma aikin da na fi so kowane mai iyali ya yi shi ne mazaunin yaro. A shekarun da na yi ina koyarwa, na ga yara 3 waɗanda wayoyin ƙafar keke suka ci diddigensu. Ɗaya yarinya ce 'yar aji biyu, wanta ya goyo ta da safe. Barci ya ɗauke ta, ƙafarta ta shiga cikin wayoyin, kafin ya tsaya fata ta saɓule har ana ganin jijiya. Ta yi wata biyu ba ta zo aji ba, iyayenta kuma suka sayar da akuya biyu saboda magani. Har yanzu tana ɗan ɗingishi. Abin da zai hana wannan kuwa ba ya cin ko kwabo. Mun sami tsohuwar jarka mai lita 25, muka yanka gefenta biyu masu faɗi, muka huda su da ƙusa mai zafi, muka ɗaure su da waya a ƙafafun kariya dama da hagu, har suka rufe wayoyin daga sama zuwa ƙasa da inda ƙafar yaro za ta kai. Sa'an nan muka ɗaura guntun katako a kowane gefe domin ta sami matakin ƙafa, da ɗan majingini a baya, da ɗamara ta zane wadda ke zagaye ƙugunta. Akwatin littattafai ya kan sauka ranar da zan ɗauke ta, littattafan su koma cikin jakunkuna biyu na buhu da ke rataye a gefe.

To, ɗan'uwa mai karatu, ga inda na ja layi. Akwai kayan da idan sun lalace za ka tsaya a bakin hanya ka yi tsaki ka gyara. Akwai kuma waɗanda idan sun lalace, ƙasa ce za ta tare ka. Kariya, da akwati, da rigar sirdi, da madigadi, suna cikin kashi na fari, yi su yadda ka ga dama. Birki, da fok ɗin gaba, da kan keke, da sandar tsakiyar ƙafa, da kotafin, suna cikin kashi na biyu. Waɗannan ka saya, ka sayi masu kyau.

Ɗauki kotafin, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe hannun feda a jikin sandarsa. Ba shi da tsada, amma sau nawa na ga an buga ƙusa mai inci 6 a wurinsa an lanƙwashe bakinta! Kotafin yana da gefe ɗaya da aka fafe a karkace, domin ya zauna daram a kan fafaffen wurin sandar, noti kuma ya riƙe shi. Ƙusa kuwa mulmulalliya ce, ba ta da inda za ta kama. Wani maƙwabcinmu ya yi haka, ya tashi tsaye a kan feda yana hawan tudu da buhun taki a baya, hannun fedar ya zame. Ya karye a ƙashin wuya, damina ta wuce bai riƙe fartanya ba. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Haka kuma robar birki. Waɗansu su kan yanka tsohon silifa ko tayar mota su cusa. Silifa ya kan narke ya cinye cikin kwana kaɗan, tayar mota kuwa sau da yawa da waya a cikinta, tana kankare rim. Birkin ƙarfe a kan rim na ƙarfe, ko da sabuwar roba, ƙarfinsa ya kan ragu ƙwarai idan ruwa ya jiƙa shi. Mai kaya da yaro a baya ba shi da rarar da zai yi wasa da ita a nan. Fok da ya lanƙwashe kuma, kada a miƙe shi da wuta a ce ya warke. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa ya riga ya gaji.

Akwai abu ɗaya da na saya wanda ya sauya mini tafiya fiye da kome, shi ne firiwil. Babban faranti na gaba a kekena yana da haƙora 46, na baya yana da 18. Ƙafar keke mai inci 28 tana cin wajen mita 2.2 a kowane juyi. Watau duk zagaye ɗaya na feda yana kai ni kusan mita 5.7. Na sa firiwil mai haƙora 22, na ƙara wa sarƙa gaɓa biyu, zagaye ɗaya ya koma kusan mita 4.7. Gudu ya ragu kaɗan a fili, amma tudun da dā na ke sauka in tura, yanzu ina hawansa a zaune da kaya. Na kai wannan lissafi aji shida, yaran suka fita suka ƙirga haƙoran kekunan da ke ƙarƙashin mangwaro, suka auna taya da igiya. Ban taɓa ganin sun so darasin rabawa kamar ran nan ba.

In za ka sa hannu a kekenka, ga ɗan abin da zai taimake ka. Fedar hagu ana kwance ta ne ta hannun da a ke ɗaure sauran noti, gama zarenta a juye ya ke. Mutane da yawa sun lalata hannun feda don rashin sanin wannan. In ka buɗe cibiyar ƙafa, ka shimfiɗa zane a ƙasa, ka ƙirga boris ɗin kowane gefe kafin ka wanke su da kananzir, ka mayar da su daidai yadda ka same su, da sabon giris. Kome ka ƙera, ka gwada shi da buhun ƙasa tukuna kafin ka ɗora ɗan mutum. Kowace Asabar kuma ka bi noti ɗaya ɗaya da sifana, gama burji yana kwance abin da hannu ya ɗaure.

Samarin garinmu suna son ado. Suna naɗe wayoyi da zare mai launi, suna sa madubi huɗu, da furen roba, da tuntaye a kan keke. Ban hana ba, ni ma uwargida ta yi wa rigar sirdina surfani da jan zare, 'yata kuma ta zaɓi shuɗin fenti domin akwatin. Abin da na kan ce musu kaɗai shi ne, su matsa birki su tura keken gaba in gani. Idan taya ta ci gaba da juyawa, sai in ce su cire madubi biyu su sayar, su sayi robar birki.

Ku iyaye, kafin makaranta ta koma, ku keɓe yamma ɗaya. Ku fito da keken tsakar gida, ku kira yaran su riƙe muku sifana, ku nemi tsohuwar jarka ku rufe wayoyin nan. Yaron da ya riƙe ma'auni yau, gobe shi zai gyara wa ƙannensa.