Ku Bari In Ba Ku Labarin Aida

'Yan uwa, tunda mu ya mu ne, kuma shayi bai huce ba, ku bari in gaya muku abin da nake saurara idan dare ya raba. Opera ce, wato wasan kwaikwayon da duk maganarsa rerawa ake yi, makaɗa kusan saba'in ko fiye suna kiɗa daga wani rami a gaban dandamali, mawaƙi kuma ya ɗaga murya ta keta ta cikinsu har kujerar ƙarshe ba tare da makirufo ba. Akwai su da yawa, amma wadda ta kama zuciyata ita ce Aida ta Giuseppe Verdi, mutumin Italiya.

A Alƙahira aka fara nuna ta, ranar 24 ga Disamba, 1871. Mai mulkin Masar na lokacin, Khedive Isma'il, ya gina gidan opera a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, sai ya nemi sabon aiki mai labarin Masar ta dā. An samu jinkiri saboda kayan ado da tufafin wasan sun maƙale a Paris, sojojin Furushiya sun yi wa birnin ƙawanya. Verdi kansa bai je Alƙahira ba, sai da aka kai ta Milan a Fabrairun 1872 ya tsaya a kanta da kansa. Wancan tsohon gidan opera na Alƙahira ma gobara ta cinye shi a 1971.

Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kama, tana bauta a fadar Fir'auna, ba wanda ya san asalinta. Tana son Radames, sarkin yaƙin Masar, shi ma yana son ta. Uwar ɗakinta Amneris, 'yar Fir'auna, ita ma shi take so. Sai aka tura Radames ya yaƙi mahaifin Aida.

Kowa ya san kiɗan dawowa daga yaƙi na kashi na biyu, mai dogayen ƙahonin ƙarfe masu kama da kakakin ƙofar fada. Yana da daɗi, ba musu. Amma a wurina ran wasan yana kashi na uku, a bakin kogin Nilu da dare. Gogen Turawa suna motsi a hankali, sarewa tana yawo a kansu, Aida ita kaɗai tana jiran Radames, tana tuna ƙasarta da ta san ba za ta sake gani ba. Kusa da ƙarshen waƙar Verdi ya sa mawaƙiya ta hau can ƙololuwar murya, kuma ya ce a yi shi da taushi. Hawa da ƙarfi da dama suna iyawa. Hawa da taushi, numfashi bai yanke ba, murya ba ta rawa, nan ake sanin gwana.

Daga nan mahaifinta Amonasro, wanda aka kamo a yaƙin, ya fito daga duhu. Ya fara da lallashi, yana yi mata zancen gida da dazuzzukansa, sannan ya faɗi buƙatarsa: ta tatsi bakin Radames, ta jiyo hanyar da rundunar Masar za ta bi. Ta ƙi. Wallahi duk lokacin da na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi, domin uban ya juye gaba ɗaya, makaɗa suka taso masa baya, ya tuna mata da mahaifiyarta da ta rasu, ya yi barazanar sallama ta. Wace ɗiya ce za ta ɗauki wannan? Ta durƙusa ta amince, kuma kiɗan da ke ƙarƙashin muryarta a lokacin ya fi kalmomin faɗin abin da ta rasa. Ba sai kun ji Italiyanci ba, ku dai karanta labarin tukuna.

Kada ku raina Amneris. A kashi na huɗu, da limaman Masar suka yanke wa Radames hukuncin binnewa da rai saboda ya faɗi hanyar rundunar, ita ce take roƙo a bakin ƙofa, ta san kishinta ne ya jawo, har ta kai ga tsine musu. Ina tausayinta kamar yadda nake tausayin Aida.

Idan za ku fara, ku nemi muryar Leontyne Price, baƙar fata 'yar Misisipi a Amurka, wadda da Aida ta yi bankwana da dandamalin Metropolitan na New York a Janairun 1985. Akwai faifanta da Georg Solti ya jagoranta a Roma, Jon Vickers ne Radames. Faifan zan kawo ranar Asabar, mu ajiye wayoyi gefe, mu fara daga kashi na uku.