Daga Kankiya Zuwa Lambunan Inabi na Kudan

Inabi ba amfanin gonar Kankiya da Kusada ba ne. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Mai son ganin inda ake noman inabi sai ya nausa kudu, zuwa ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, arewa da Zariya. Hanyar da muka bi ta tashi daga Kankiya, ta karya kwana a Yashe cikin ƙasar Kusada, ta ratsa Malumfashi da Funtuwa, sannan daga Zariya a miƙe zuwa Hunkuyi, hedikwatar Kudan. Kafin 1987 duk wannan tafiya cikin jiha ɗaya ake yin ta.

Tun a gonakin Kusada ake ganin rabin darasin wannan tafiya. Da rani magidanta kan kwashi takin dabbobi da tokar gida a amalanke su jibge tsibi-tsibi a gona, ga kuma gawo, mai kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki. Abin da Turawa ke liƙa wa takardar shaida su tsauwala masa kuɗi, wato noma ba takin zamani, a nan tsohuwar al'ada ce, ko da yake tsadar buhun taki ma tana da hannu a ciki.

A Kudan reshe ake dasawa, ba iri ba, a kafa masa rumfa ya hau. A Turai sanyin hunturu ne ke kwantar da kurangar ta huta, ta farka ta yi fure. A nan babu sanyin da ya kai haka, don haka manomi ne ke yi mata aski wajen ƙarshen damina, ya sassare rassa har ta zama kamar matacciya, sai ta tofo da sabon ganye da fure. Lissafin shi ne 'ya'yan su nuna cikin bushewar hunturu da rani, domin laima ce babbar abokiyar gabar inabi: ita ke kawo fumfunar da ke cinye ganye da nono. Wannan cuta ce ta sa aka haɗa maganin tagulla da farar ƙasa a Bordo ta Faransa cikin shekarun 1880, maganin da har masu gudun sinadarai suka yarda da shi.

Aiki ne mai cin hannu. Ban ruwa, ɗaure rassa, rage 'ya'ya don sauran su yi ƙiba, korar tsuntsaye daga safe har magariba. Shi ya sa lambun ya fi dacewa da gida mai 'ya'ya da ƙanne.

A Faransa da Jamus, gidajen da suka gaji irin wannan lambu matse inabin suke yi, su raba ruwan da ɓawo kafin ya tsimu, shi ke ba da farar giya. A ƙasar Hausa addini ya rufe wannan ƙofa, inabi ci ake yi ɗanye. Wannan ya sa ribar manomi ta rataya ga saurin sayarwa, don inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, kuma ba ya jure zafin mota. 'Yan sari kan zo har bakin lambu su loda zuwa Zariya da Kaduna da Kano, inda yake gogayya da wanda ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar.